Sulallan Dakta Ashafa

Ranar da Umair ya ɗaga mayafin da ke rufe da kabad ɗin mahaifinsa ya tarar da shi kusan wayam, kafin la'asar duk Bahaushen da ke unguwarmu ta Longsight, a nan ƙasar Turawa, ya ji. Mutanenmu a garin nan ba su da yawa, amma magana ba ta kwana a bakinsu. Kafin magariba har an samo ɓarauniya, an yanke mata hukunci ta waya, ba tare da wani ya tambaye ta komai ba.

Sunanta Shifa. 'Yar Gusau ce, tana karatun digiri na biyu, kuma ita ke jinyar Dakta Ashafa, mahaifin Umair, tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ta hannun wani kamfanin masu kula da marasa lafiya. A gidan take kwana, a ƙaramin ɗakin sama. Duk wanda ya zauna ƙasar nan ya san abin da kalmar sata ke yi wa ɗaliba irinta: aiki ya tafi, makaranta ta ji, takardar zama ta bi bayansu.

Abin da ya ɓace sulalla ne da lambobin tunawa na Amurka, yawancinsu azurfa. Dakta ya je can karatun likita a shekarar da suke bikin cika shekara ɗari biyu da samun 'yanci, ya sayi na farko, daga nan ciwon tara su ya kama shi. Ya yi ta tarawa har tsufa. Kowane sule da labarinsa, wannan na yaƙinsu ne, wancan na 'yanta bayi, wancan na zuwa wata. In ka kuskura ka tambaye shi ɗaya, to shayinka ya huce.

Umair ya zo gidanmu ne saboda maigidana, Giɗaɗo Jumare. Aikinsa binciken asara a wani kamfanin inshora, amma mutane Mai Bin Sawu suke ce masa, don mahaifinsa shanun sata yake bi a dajin Kachiya, shi kuma ya tashi a bayansa. Har yau in ya shiga gidan mutane ƙasa yake fara kallo kafin fuska, abin da ya sha ba ni kunya. Ni ce Sa'adiya, kuma ni ke tuƙa shi, domin mutumin da ya kwana a daji ba tsoro yana ganin babbar hanya sai gumi ya keto masa.

"Uncle, ni ba na son long story," in ji Umair. Akanta ne, haifaffen nan, Hausarsa rabi da rabi. "Ita kaɗai ke yini a ɗakin. Zuwa Juma'a in ba su dawo ba, police zan kira."

"Ka ba ni zuwa Juma'ar," Giɗaɗo ya ce. "Ramlat ta sani?"

Ramlat ƙanwarsa ce, tana aure a Birmingham. Umair ya kawar da kai. "Ita ta kawo yarinyar. In na gaya mata faɗa za mu yi."

*

Falon ƙasa aka mayar ɗakin jinya. An sauke labule, ɗakin yana warin man zafi da turaren wuta. Dakta yana kwance ya rame ƙwarai, idonsa mai lafiya a kan kabad ɗin, bai ko juyo da muka yi sallama ba. A gefen gadon, kan sallaya, yayarsa ce zaune da carbi, Gwaggo Hajo, wadda ta zo daga Zariya da azumi don ta zauna da ƙaninta. Muka durƙusa muka gaishe ta.

"Ya mai jiki, Gwaggo?"

"Da sauƙi za a ce. Amma ya ƙi abinci."

Umair ya dubi tsohuwar, nan take ya juya harshe zuwa Turanci, ya rage murya. Ya ce kada mu yi maganar a gabanta, hawan jini gare ta, ba a gaya mata komai ba. Giɗaɗo ya gyaɗa kai kawai.

Ya tsaya gaban kabad ɗin ya daɗe, hannu a baya. Ba a ɓalle makulli ba, don mabuɗin a jiki yake kwana. A kan ƙyallen karan-miskin da aka shimfiɗa akwai gurabe zagaye-zagaye, layi bayan layi, duk babu kowa. Saura guda uku a kusurwa. Ya sa hankici ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ya juya gaba, ya juya baya. Ɗaya ƙararrawa ce a jikinta, bayanta rubutu. Ɗaya gada. Ta ukun jirgin ruwa ne mai filafilai.

"Wannan mai ƙararrawar zinariya ce?"

"Ita ce ma ta fi duka tsada," Umair ya ce. "Sauri ya sa ta manta."

Giɗaɗo ya ja durowar ƙasa. Cike take da 'yan ƙananan gidajen roba masu haske, irin waɗanda ake rufe kowane sule a ciki, duk a buɗe, an jera su tsaf.

"Mai sauri ne ya zauna ya yi wannan jerin?"

Da aka tambayi Umair yaushe rabonsa da ganin sulallan, ya kasa faɗi. Mayafin ya daɗe a kan kabad ɗin, shi kuma ya ɗauka don ƙura aka sa.

Muna fita na waiwaya. Dakta ya daina kallon kabad, mu yake kallo, bakinsa yana motsi amma babu abin da ke fita. Tsigar jikina ta tashi, domin na tabbata mutumin nan ya ga komai da idonsa.

*

Shifa ta karɓe mu a ɗakinta, akwatinta a buɗe a kan gado, kaya a zube. Umair ya riga ya sa ta zazzage shi. Raina ya ɓaci da ganin haka, har Giɗaɗo ya taɓa ni don kada in yi magana.

"Kin taɓa buɗe kabad ɗin?"

"Kullum, da farko," ta ce. Muryarta ta dishe. "Mai koya masa magana ce ta ce in riƙa ba shi abin da yake so a hannu. In na ba shi sule sai ya yi ƙoƙarin faɗar shekarar. Har ya fara iya cewa seventy-six."

"Me ya sa kika daina?"

"An rufe kabad ɗin. Na zaci Yaya Umair ne ba ya so."

"Yaushe ba kya gida?"

"Da safe, ranakun da nake da lecture a uni. Gwaggo ke zama da shi."

"Baƙi fa?"

Ta ce akwai Mista Bartholomew, abokin Dakta, yana zuwa duk mako. Zuwansa na ƙarshe ya ɗaga murya a ƙofa, shi da Umair, a kan sulallan.

Da muka tashi ta riƙe gefen mayafina. "Anti, in aka kira police, ko ban yi ba, sunana ya shiga. Ni ce ta farko a gidanmu da ta fita waje."

Na riƙe hannunta. Sanyi ƙalau yake.

*

Bartholomew yana da rumbun sayar da jakunkuna a unguwar Cheetham Hill. Mutumin Kafanchan ne, Hausarsa ta fi ta Umair nesa ba kusa ba. Ni dai tun a mota na gama yanke masa hukunci, don shi ma mai tara sulalla ne, kuma ya san darajar kowanne.

"E, na yi faɗa da yaron," ya ce. "Ya kira wani a waya wai ya zo ya yi musu kuɗi, uban yana kwance yana ji. Na ce masa ya bari mutum ya mutu tukuna."

Na dubi Giɗaɗo. Ashe Umair ma yana da nasa.

"Kai ba ka taɓa sha'awarsu ba?"

"Shekara nawa ina roƙonsa ya sayar mini da guda biyu? Ya hana. Ka rubuta sunana cikin waɗanda kake zargi, ban damu ba."

Giɗaɗo ya ciro ɗaya daga gidajen robar nan ya ajiye a kan tebur. Bartholomew ya ɗauka, fuskarsa ta canja.

"An fitar da su?"

"Dukansu."

"Da hannu? Yatsa ɗaya in ya taɓa fuskar sule irin wannan, rabin darajarsa ta tafi." Ya zauna a kan kwali, kamar wanda aka yi wa rasuwa. "Malam Giɗaɗo, wanda ya yi wannan bai san abin da ya ɗauka ba. Ni ban yi ba, kuma yaron nan, duk da haushinsa da nake ji, ya fi haka wayo."

"Shifa fa?"

"Ita da take sa safar hannu kafin ta miƙa masa?"

*

Muka koma Longsight ana yayyafi. Giɗaɗo bai shiga falo ba, kicin ya wuce. Ya buɗe kabad ɗin abinci ya tsaya. Gwangwanin madara an ɓare takardar jikinsa. Kwalin hatsin karin kumallo an yanke wani gefe da almakashi. A bangon baranda akwai ƙusoshi, babu hotuna.

Ya buɗe ƙofar baya ya tsuguna a kan dakalin dutse, ruwa yana zuba masa a ƙeya. Ya shafa dutsen da yatsa ya nuna mini. Wani abu ne toka-toka mai ƙyalli, ya shiga ramukan dutsen, kuma tsakiyar dakalin ta yi santsi kamar inda ake wasa wuƙa.

"Mene ne?"

"Azurfa."

Gwaggo Hajo ta leƙo da buta a hannu. Ya miƙe da sauri, ya ɓoye yatsan a aljihu.

"Gwaggo, ina babbar kular nan ja? Sa'adiya ke son aro."

Ƙarya yake, ban taɓa ganin kular ba. Shi ne ya san ta a gidan tun dā, ya kuma lura yau babu ita a kicin.

"Ramlat ta tafi da ita ran Lahadi," ta ce. "Na yi mata dambun nama."

A mota na ce, "Ramlat? 'Yar cikinsa?"

"Ki kama hanyar Birmingham da sassafe," ya ce. "Allah ya sa ba mu makara ba."

Na yi tambayar duniya ya ƙi ƙarawa. Halinsa ke nan, kuma shi ne abin da ya fi ba ni haushi a zamanmu.

*

Hanyar ta yi duhu da hadari tun daga fitarmu. Giɗaɗo ya riƙe bel ɗin kujera da hannu biyu har muka isa.

Ramlat ta buɗe ƙofa da 'yarta Jannat a kafaɗa, ta yi murnar ganinmu, sannan ta ga fuskokinmu.

"Baba ne?"

"Yana nan da rai. Me ke cikin kular ban da dambu?"

Ta yi mamaki. Ta ce wani ƙulli ne a ɗankwali, mai nauyi. Gwaggo ta ce tsohuwar azurfa ce, a kai wa maƙera a narka a yi wa Jannat awarwaro, kuma kada ta kwance.

"Ba ki kwance ba?"

"Uncle, Gwaggo ce fa. Ta ce kada in kwance."

Ta kai mu unguwar maƙeran zinariya, wani bene mai matsattsen matakala. Maƙerin dattijon Bature ne mai tabarau biyu a wuya. Ya ce ya yi mamakin aikin, har ya kira Ramlat ya ce mata sulalla ne an goge su, ita kuma ta zaci irin na dā ne da tsofaffi ke ajiyewa, ta ce ya ci gaba. Ya jawo durowa ya fito da curin azurfa, tsawonsa bai fi tafin hannu ba. Sannan ya zube wasu 'yan kaɗan da bai kai ga narkawa ba.

Ramlat ta ɗauki ɗaya. Rubutun gefe yana nan, shekarar tana nan. Inda kan mutum yake an goge shi fes, sai zane-zanen dutse. Ta juya baya, mikiyar da aka zana a wajen ma babu kai. Ta gane shi, domin tana yarinya a kan cinyar ubanta ta koyi sunansa. Ta damƙe shi a tafin hannunta.

*

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka taru a ɗakin Dakta. Umair yana tsaye bakin taga. Ramlat da Bartholomew suna kan kujera, Shifa a bakin ƙofa kamar baƙuwa, Gwaggo a kan sallayarta. Umair ya fara da Turanci, Giɗaɗo ya ɗaga hannu.

"Yau Hausa za a yi a ɗakin nan. Turancin ne ya kawo mu inda muke."

Ya shimfiɗa hankici a kan kafet, ya ajiye ukun da suka rage.

"Ɓarawo yana ɗaukar mai tsada. Wannan ya bar zinariya ya ɗauki azurfa. Ku duba abin da ya bari: ƙararrawa, gada, jirgi. Ku juya su, babu mutum, babu tsuntsu. Duk mai fuska ya tafi, duk marar fuska yana nan. Haka aka yi wa gwangwanin madara, haka aka yi wa hotunan baranda."

Ya ajiye curin azurfar a gefensu. Sannan ya matsa gaban tsohuwar ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

"Gwaggo, ki gafarce ni. Sulallan Dakta da ke cikin kabad, kin san inda suke?"

"Ni na kwashe su," ta ce, ko carbin ba ta ajiye ba. "Da wa zai kwashe?"

Umair ya juyo daga bakin taga.

"Na zo na tarar da ƙanina kwance, sauƙi ya ƙi zuwa, rai kuma ya ƙi fita. Na ɗaga kai na ga kawunan mutane jere a kansa, an sa musu gilashi har da fitila. Mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da surori, wannan ko yaro ya sani. Na rufe su, ban ga canji ba. Sai na riƙa ɗiba in yarinyar nan ta tafi makaranta, ina gogewa a dutse. Hannuna har ya yi kanta." Ta dubi gadon. "Yana kallona yana hawaye. Na ce masa ka yi haƙuri, Ashafa, ba zan bari ka tafi a ɗakin da ba mai shigowa ya karɓe ka ba."

"Gwaggo, aikin rayuwarsa ne," Umair ya ce. "Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Kullum kuna ta yarenku a kaina, na zaci maganar asibiti ce."

Dakta ya rufe ido. Ruwa ya gangaro ta gefen da ya shanye, Bartholomew ya tashi ya share masa da hannun rigarsa. Ni kam tausayi ya hana ni sanin wanda zan ji wa haushi, tsohuwar ko mu da muka mayar da ita kujera a ɗakin.

"Shi ke nan," Umair ya ce da ƙyar. "Magana ta ƙare a nan. Shifa, sorry. Ba sai an kira kowa ba."

"Ka riga ka kira," Shifa ta ce.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kamfanin sun dakatar da ita tun shekaranjiya, sun ce ɗan mai gidan ya yi waya.

"Tambaya kawai na yi musu," in ji Umair. "Zan kira su in gyara."

"Wannan za ka iya gyarawa." Ta ciro wayarta tana juya ta a hannu. "Amma matar wani a nan ta gaya wa 'yar'uwarta a Gusau. Jiya babana ya kira ni."

Gwaggo ta ajiye carbin. "Me ake cewa yarinyar nan ta yi?"

Ni ce na amsa. Na gaya mata da Hausa, ban rage komai ba.

"Me baban naki ya ce?" ta tambaya.

"Bai tambaye ni ko na ɗauka ba, Gwaggo. Cewa ya yi in mayar musu da kayansu, in nemi gafara, kada in sake kiransa sai na yi."

Tsohuwar ta dafa gado ta miƙe, ta tako har bakin ƙofa, ta durƙusa a gaban yarinyar da ba ta kai jikarta ba. Shifa ta yi ƙoƙarin ɗaga ta, ta ƙi.

"Kira mini shi. Ni Hajo zan gaya masa da bakina."

Shifa ta danna lambar, ta buɗe lasifikar wayar, ta miƙa mata. Gwaggo ta riƙe wayar da hannu biyu, da yatsunta masu kanta. Dukanmu muna jin tana ƙara a can Gusau, har ta katse.

"Sake kira," Gwaggo ta ce.

Ta sake. A ƙara ta biyu aka kashe daga can.